Yarona yana karatu da kyau amma lissafi ya gagare shi

'Yar'uwa, kin ce ɗanki yana CE2, wato aji huɗu na firamare, nan Damagaram, haddarsa lafiya lau, amma har yanzu da yatsu yake ƙirga 4 da 3, kuma mushensa, wato malaminsa, na cewa ragwanci ne. Ni ban ga ragwanci a nan ba. Alamun sun yi kama da diskalkuli, wato matsalar fahimtar lambobi wadda ta samo asali daga yadda ƙwaƙwalwa ke auna yawan abu. Tana shafar yara kamar 3 zuwa 6 cikin 100, takan bi jini, kuma yaro mai kaifin basira ma yana iya samunta.

Ki lura: in kin zuba goro huɗu, yana gane yawansu da kallo ɗaya, ko sai ya ƙirga? Agogo na rikita shi? Kuɗinmu ma na ƙara masa nauyi, tunda a rubuce 100 ne, a baki kuma dala ashirin.

Don Allah a daina dukansa, tsoro na ƙara toshe kai. Ba a shan magani a warke. Horo ne kullum, kaɗan-kaɗan, da tsakuwa ko murafan kwalba a hannu. Ki sa likita ya duba idonsa da kunnensa tukuna, sannan ku zauna da mushen.