Jari Yana Raguwa, Littafin Lissafi Ba Ya Wuce Mako Biyu: Amsa ga Wani Mai Sayar da Hatsi

Wani ɗan kasuwa daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa ya aiko da tambaya. Ya ce shekararsa tara yana saye da sayar da hatsi, yana cin kasuwar Gujungu ranar Lahadi, Shuwarin ranar Litinin, Maigatari ranar Alhamis, idan kaya sun taru kuma ya kai Dawanau. Lokacin da ya fara, jarinsa kan sayi buhu 30 na gero da kaka, amma bana da ƙyar ya haɗa 18, alhali kuɗin da ke hannunsa sun ninka na da a lissafin naira. Ya ce kowace shekara bayan Ƙaramar Sallah yakan ɗaura niyyar gyara, ya sayi sabon littafi, ya yi alkawarin daina ba da bashi da taɓa uwar kuɗi, amma kafin mako biyu komai ya koma yadda yake. Tambayarsa ita ce: ya nemi rance ya ƙara jari, ko kuwa akwai hanyar da mutum zai bi ya gyara halinsa na kuɗi har gyaran ya ɗore?

Malam, Allah ya sa albarka a kasuwarka. Amsata a kan rance ita ce kada ka karɓa a yanzu, domin kai da kanka ba ka san ta inda buhu 12 suka zurare ba, kuma zuba sabon hatsi a rumbun da gara ke ci ta ƙasa ba ya ƙara wa mai shi komai sai nauyin bashi. Abin da kake buƙata shi ne 'yan ayyuka ƙanana da za ka riƙa yi a lokaci sananne, har su zama jiki ba tare da ka sake ɗaura niyya ba.

Ba duk raguwar nan ce laifinka ba, kuma ya kamata ka san haka don kada ka yanke ƙauna da kanka. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin da kowane mai cin kasuwannin ƙauye ya ji a aljihunsa, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamban 2024. Ma'anar wannan ita ce kayan da aka saya naira 100,000 a Disamban 2023 sun koma kusan 135,000 bayan shekara guda. Ɗan kasuwar da ya sayi kaya a 100,000 ya sayar a 120,000 yakan ɗauka ya ci ribar 20,000, ya kashe ta da kwanciyar hankali, sai ya koma kasuwa ya tarar ko da ya haɗa da ribar ba zai iya mayar da kayan da ya sayar ba. Shi ya sa na yaba maka da ka auna jarinka da buhu. Ka riƙe wannan ma'auni, kada ka kira wani kuɗi riba sai bayan ka ware abin da zai sayi adadin buhunan da ka fitar, a farashin ranar.

Dalilin da ya sa littafinka ba ya wuce mako biyu shi ne kana ɗora wa kanka gyara huɗu ko biyar a rana ɗaya, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ka ba shi lokacinsa da wurinsa. Niyyar "zan riƙa rubutawa" ba ta faɗi yaushe ba, saboda haka ranar da ka dawo daga Maigatari a gajiye sai ka ce sai gobe, goben kuma ka manta rabin abin da ka kashe, daga nan sai ka ga littafin ya riga ya ɓaci, ka ajiye shi. Masu bincike a wata jami'a da ke Landan, ƙarƙashin Phillippa Lally, sun bi mutum 96 da suka ɗauki sabon aiki ɗaya suna yi kullum, suka gano cewa a matsakaici sai da aka kai kwana 66 kafin aikin ya zama jiki, wasu ma lissafi ya nuna sai sun haura wata takwas. Sun kuma gano cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. To kai a kwana na goma sha huɗu kake yanke wa kanka hukunci, lokacin da abin bai ma kama hanya ba. Mu kuwa tun kafin wannan bincike muna da hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Saboda haka ka ɗaure rubutun da abin da ba ka taɓa tsallakewa. Kana idar da sallar isha'i, kafin ka zauna hira a dandali ko ka ɗauki waya, ka zazzage aljihunka, ka ƙirga, ka rubuta. Littafin da biro su zauna a daidai inda kake ajiye kuɗi da dare, yadda hannunka ba zai kai ga ɗaya ba tare da ya taɓa ɗayan ba. Layi uku sun isa: abin da ya shigo, abin da ya fita, da bashin da aka ci ko aka biya. Idan rubutun boko yana yi maka nauyi, ka rubuta da ajami, ko ka sa ɗanka da ke makaranta ya rubuta kana faɗa masa, wanda wannan ma tarbiyya ce a gare shi. Ranar da ka tsallake, kada ka tsaya cike giɓin da ƙiyasi. Ka ja layi, ka ci gaba daga ranar da kake ciki.

Aiki na biyu, wanda a ganina ya fi na farko muhimmanci, shi ne raba kuɗin gida da kuɗin kasuwa. Yawancin 'yan kasuwarmu aljihu ɗaya ne ke riƙe da uwar kuɗi da cefane da gudummawar biki da kuɗin magani, kuma duk wanda ya zo da buƙata daga nan ake ciro masa. A ƙasar Jamhuriyar Dominika an taɓa gwada koyar da ƙananan 'yan kasuwa ta hanya biyu. Wasu an koya musu lissafin akanta na makaranta, wasu kuma an ba su 'yan ƙa'idoji masu sauƙi, irin su ajiye kuɗin kasuwa da na gida a wuri daban-daban, da yanka wa kai albashi. Waɗanda aka bai wa ƙa'idoji masu sauƙin ne aka fi ganin canji a yadda suke tafiyar da kuɗinsu, musamman ma waɗanda iliminsu na lissafi bai yi zurfi ba. Wannan ya dace da abin da ake gani a kasuwanninmu, inda mutum zai iya lissafa kuɗin buhu hamsin da ka cikin ƙiftawar ido amma ya kasa faɗin nawa gidansa ke ci a wata.

Ka zauna da uwargida ku yi lissafin abin da gida ke buƙata a mako, ka yanka wa kanka wannan adadi, ka riƙa cire shi rana ɗaya tak, misali daren Lahadi bayan ka dawo daga Gujungu. Buhun geron da za a ci a gida shi ma ka saye shi daga kasuwarka a farashin ranar, ka rubuta. Na san inda wahalar take, wato hidimar zumunci: suna, biki, ta'aziyya, ɗan'uwan da matarsa ke asibiti, maƙwabcin da taki ya gagare shi. Ba zan ce ka rufe hannu ba, domin mutumin ƙauye da mutane yake rayuwa, kuma ranar da taka ta taso su ne za su tsaya maka. Abin da nake so shi ne ka ware wa wannan hidima kasonta tun farkon wata, ka sa shi a jaka daban. Idan ya ƙare, ka faɗi gaskiya cewa na wannan wata ya ƙare, ka je da ƙafarka da addu'arka. Idan kuwa larura ta tilasta ka taɓa jari, ka rubuta shi a matsayin bashin da kasuwa ke bin ka, ka mayar daga albashinka.

Waɗannan biyun kaɗai za ka yi har tsawon wata biyu. Kada ka ƙara komai a kansu, ko da ka ji ƙarfi a makon farko.

Bayan sun zauna, littafin da kansa zai nuna maka abu na gaba, kuma ina kyautata zaton ƙananan kuɗaɗen hanya ne. Ɗauki misali: ka sayi buhu a naira 40,000, ka biya mota 2,500, dako da lodi 600, la'adar dillali 500, rasit ɗin kasuwa, sabon buhu da zare, cajin mai POS, ga abinci da shayinka na yini. Kafin buhun nan ya isa Dawanau ya tasam ma 44,500, ban da ramar da za a samu idan awon kasuwar da ka saya ya bambanta da na inda za ka sayar. Wanda ya sayar a 45,000 yana murnar ribar 5,000, alhali 500 ya samu. Idan ka saba fitar da ainihin kuɗin buhu kafin ka yi ciniki, za ka gane wace kasuwa ce ke biyan wahalar zuwanta, wace ce kuma kake zuwa don sabo kawai. Ka haɗa wannan da kiran amintaccen mutum a Dawanau da sassafe ka ji farashi kafin ka fara saye. Sammako ma yana cikin lissafin, domin wanda ya riga isa shi ke zaɓen kaya. An ruwaito cewa sahabin nan Sakhr al-Gamidi, wanda ya ji addu'ar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta neman albarka ga al'umma a sammakonta, yakan aika kayan kasuwancinsa da farkon yini, kuma ya yi arziki.

Game da bashi, alkawarin daina bayarwa gaba ɗaya ba zai yiwu ba a sana'ar hatsi, shi ya sa kake karya shi kowace shekara. Abin da zai yiwu shi ne iyaka da rubutu. Ka sa wa kanka doka cewa bashin da ke waje ba zai wuce wani kaso na jarinka ba, misali ɗaya bisa goma, kuma wanda bai biya na baya ba ba zai karɓi sabo ba. Kunyar rubuta sunan babba ko aboki ita ce ke cinye jarin mutane da yawa, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da ajalinsa. Idan ka rubuta a gaban mai karɓa, ka ambaci ranar biya, ka kuma yi wa kowa haka ba tare da bambanci ba, ba wanda zai ɗauka raini ne.

Ranar Juma'a, da yake ba ka da kasuwa, ka ware rabin sa'a bayan la'asar ka ƙirga buhunan da ke ɗaki, da kuɗin hannu, da na banki, da bashin da kake bi, ka cire wanda ake bin ka, ka mayar da jimillar zuwa buhu. Lamba ɗaya za ka rubuta a bangon littafin kowane mako. Sau ɗaya a shekara kuma akwai ranar zakka, wadda take wajabta wa ɗan kasuwa ya ƙiyasta dukiyarsa ya fitar da ɗaya bisa arba'in idan ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Ka tambayi malamin garinku nisabin bana da yadda hukuncin yake ga mai juya kaya da mai ajiye su.

Adashi yana da amfani wajen tilasta wa mutum zubi, amma ka tuna cewa a lokacin hauhawar farashi mai kwasar ƙarshe yakan karɓi kuɗin da darajarsu ta ragu, kuma komai ya rataya ne a kan amanar uwar adashi. Kuɗin da ka ware don ko-ta-kwana sun fi kyau a asusun da ba ka yawo da katinsa. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, kuma tun 2024 hukumar NDIC, mai ba da inshorar kuɗin da aka ajiye a banki, ta ɗaga inshorar ajiyar kowane mutum zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna da miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma masu lasisi.

Maganar ƙarin jari sai ta jira har ka sami lissafin shekara guda cikakke, daga kaka zuwa kaka. Ka ga yadda farashin hatsi ya sauko a 2025, mutane da yawa da suka yi ajiya da tsada suka yi asara. Wanda ya yi ajiyar da kuɗinsa ya yi haƙuri, wanda ya yi da kuɗin rance kuwa ajali ya tilasta masa sayarwa a faɗuwa. Idan bayan shekara lambar da ke bangon littafinka ta tashi daga 18 zuwa 20 ko 21, to kana da abin da za ka nuna wa mai kuɗi, kuma a lokacin na fi son ka nemi wanda zai zuba jari ku raba riba bisa yarjejeniya rubutacciya, maimakon rancen da za ka biya ko an ci riba ko ba a ci ba. Kafin nan, idan wata biyun farko sun cika, ka aiko min da abin da gida ya ci a wata, da jimillar bashin da ke waje, da yawan buhunanka na Juma'ar ƙarshe, mu duba wace kasuwa za ka rage zuwa da kuma nawa ya kamata albashinka ya zama.