Faɗuwar gaba, motsewar ƙwaƙwalwa da "ruwa baya tsami banza"

Wata baiwar Allah ta turo tambaya: "Malam naji ance bugun zuciya mara tsari yana sa ƙwaƙwalwa ta motse, wai ta hanyar gado aka gano. Faɗuwar gaba ake nufi? Kuma 'ruwa baya tsami banza' ya dace anan?"

Toh Malama, faɗuwar gaba daban take, tsoro ko mugun labari ke kawo ta, gabanki ya yanke ya faɗi anjima ya wuce. Bugun zuciya mara tsari kuwa ciwo ne, ɗakuna biyu na saman zuciya ne ke karkarwa maimakon su matsa, sai jini ya kwanta ya daskare, gudan ya tafi ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, shi yasa haɗarin shanyewar ɓarin jiki ke ninkawa kusan sau 5. Motsewa kam kin zaɓa daidai, nafi son ta akan ƙanƙancewa, don abinda ya motse da can cike yake.

Karin maganar rabin aiki tayi. Tace akwai dalili, bata ce wanne ba. Masu ciwukan nan biyu, wato bugun da motsewar, yawanci dattawa ne, ga hawan jini ga ciwon suga, toh wa ya jawo wa? Anan gado ya shigo, kuma ba na dukiya ba. Kwayoyin halitta tamkar ƙuri'a ake raba su tun ranar da aka ɗau cikin mutum, kafin tsufa kafin shan taba, shi yasa aka laƙaba wa dabarar bin gado don gano sanadin ciwo sunan masani Mendel wanda ya wallafa gwajinsa kan tsirrai a 1866. A 2007 masana a ƙasar Aisland suka gano wani gurbi a kromosom na 4 (kromosom shine ƙunshin ƙwayoyin halitta), kusa da ƙwayar halitta mai suna PITX2, dake ƙara haɗarin wannan bugun. Sai a tara masu irin waɗannan gurabe a duba hoton ƙwaƙwalwarsu, misali a UK Biobank, ma'ajiyar bayanan lafiya ta Birtaniya mai mutum kusan 500,000, in tasu tafi motsewa toh zargi ya koma kan zuciyar kenan ba shekaru ba.

Amma don Allah kar a jawo "barewa bata gudu ɗanta yayi rarrafe" nan, haɗarin ake gada ba ciwon ba, da yawa suna ɗauke da gurbin har su tsufa lafiya lau. In dai bugun naki yana tsalle ba tsoro ba gudu, kije asibiti ayi miki gwajin ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura.