Ku Tambaya Mu Amsa: Aminu Dantata, Tsakanin Mai da Muƙami

TAMBAYA: Malam, gardama ce ta kaure a majalisarmu. Wasu sun ce marigayi Alhaji Aminu Dantata da rijiyar mai ya yi arziki, wasu kuma sun ce sai da ya shiga gwamnati sannan ya samu. Don Allah a raba mana gardama. (Daga wani mai karatu a Gusau)

AMSA: Malam, ka gaishe min da 'yan majalisar, ka ce musu duk ɓangarorin biyu sun sa ƙarshen labari a farkonsa. Gyaɗa ce ta fara, muƙami ya biyo baya, mai kuwa shi ne auta.

An haife shi a Kano a 1931, ɗan Alhassan Dantata ne, attajirin da ya shahara da cinikin goro da gyaɗa. Tun a 1948 yana cikin kasuwancin gidan a matsayin mai sayen amfanin gona. Mahaifinsa ya rasu a 1955, yayansa Ahmadu ya rasu a 1960, sai ragamar kamfanin Alhassan Dantata & Sons ta dawo hannunsa. Ya faɗaɗa zuwa kwangilar gine-gine, har ya yi ayyuka a makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. To ka ga, lokacin da Gwamna Audu Bako ya naɗa shi kwamishina mai kula da ciniki da masana'antu a 1968, bayan ƙirƙiro Jihar Kano da shekara guda, ai da arzikinsa ya zo. Ya bar kujerar a 1973.

Batun mai ne ya fi buƙatar bayani. Shekaru da dama haƙo ɗanyen mai a Najeriya yana hannun kamfanonin Turawa ne da na gwamnati. A zamanin Janar Babangida ne aka yawaita ba 'yan kasuwar gida lasisin filayen mai. Sai dai lasisi daban, haƙowa daban: rijiya a cikin teku tana cin miliyoyin daloli kafin a ga ɗigo ɗaya, don haka mai lasisi kan nemo kamfanin waje ya kawo kuɗi da ƙwararru, a raba abin da aka samu. Haka kamfaninsa na Express Petroleum ya yi da Conoco na Amurka a filin Ukpokiti da ke gaɓar tekun Neja Delta.

Amma fa ba zan goyi bayan masu cewa gwamnati ba ta da hannu ba. A wancan lokaci gwamnati ce ke zaɓen wanda za ta ba lasisi, ba gwanjo ake yi ba, kuma wanda ba a san shi a sama ba ko ƙofa ba ya gani. Ra'ayina shi ne sunan gidan da tsohuwar dukiya ne suka kai shi teburin, ba kujerar kwamishina da ya bari kusan shekara ashirin kafin nan ba.

Hidimar jama'a kuwa a fili take. Yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa Bankin Jaiz, ya yi uban Jami'ar Al-Qalam ta Katsina, ya ba Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano cibiyar wankin ƙoda, sannan da ambaliya ta ci Maiduguri a 2024 ya ba da naira biliyan 1.5. Ya rasu a Abu Dhabi ranar 28 ga Yuni, 2025, yana da shekara 94, aka binne shi a Baƙi'a ta Madina. Allah Ya jiƙansa da rahama.