Tambaya da Amsa: Yaya zan gano kiɗan da babu suna da wanda ya haɗa shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne a Gyaɗi-Gyaɗi, ina ɗan taɓa aikin DJ a wuraren biki. Ina son kiɗan rawa na na'ura, irin na bayan fage wanda ba a sa shi a rediyo. Matsalata biyu ce. In na ji kiɗa a cikin miks ko a TikTok, Shazam ba ya gane shi. Waɗanda kuma nake karɓa wurin 'yan dawunlodin a Farm Centre suna zuwa ne ba suna, sai lamba. Yaya zan san masu haɗa su, kuma a ina zan riƙa samun sababbi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsalolin naka tushensu ɗaya: kana farautar kiɗa ɗai-ɗai, alhali wannan harka da sunaye ake bin ta. Sunaye uku ne: wanda ya haɗa kiɗan, kamfanin da ya fitar da shi, da DJ ɗin da ya fara sa shi. In ka kama ɗaya, sauran biyun suna kusa. Kamar mai sayen atamfa ne a Kantin Kwari: wanda ya san kaya bakin zanen yake dubawa ya ga tambarin kamfani da lamba, don gobe ya san abin da zai tambaya.

Mu fara da Shazam, tunda nan ka fi shan wahala. Manhajar ba ta jin kiɗa yadda kunnenka yake ji. Tana ɗaukar wuraren da sauti ya fi ƙarfi, da tsayin muryar kowanne, da tazarar lokacin da ke tsakaninsu, ta kwatanta da abin da ke rumbunta. Abu huɗu ke karya wannan kwatancen. Ko dai DJ ya ƙara sauri, ko kiɗa biyu suna tafiya a kan juna a lokacin da ka danna, ko MC yana magana a kai, ko kuma kiɗan bai taɓa shiga rumbun ba saboda ba a fitar da shi ba tukuna. Uku na farko suna da magani.

Kada ka danna a farkon kiɗa ko ƙarshensa, domin nan ne DJ yake haɗa shi da na kusa da shi. Bari ya yi kamar minti biyu yana tafiya shi kaɗai. Mafi kyau shi ne wurin da ganga ta ɗauke, aka bar fiyano ko murya, don gangar kiɗan na'ura kusan iri ɗaya ce a dubban kiɗe-kiɗe, launin fiyanon ne ya bambanta. Ka gwada a wurare uku daban-daban. In manhajar ta ba ka suna ɗaya sau biyu, ka je ka saurara ka tabbatar; in kowane gwaji da sunan da take bayarwa, cinta kawai take yi.

Maganar sauri kuma lissafi ne. Ƙirga bugun babbar ganga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu, ka sami bugu a minti. Amapiano yawanci yana tsakanin 110 da 115, hawus 120 zuwa 128, tekno daga 125 zuwa wajen 140, singeli na Tanzaniya kuwa yana haura 200. To in ka ji kiɗa mai siffar amapiano yana gudu a 125, ka san an ja shi. Yanki daƙiƙa 30, ka sa a Audacity, wadda kyauta ce a kwamfuta, ka rage saurin kaɗan-kaɗan, kashi biyu cikin ɗari kowane karo, kana gwadawa. Kiɗan da aka haɗa a 124 aka sa shi a 130 ya tashi da kusan kashi biyar ke nan. Ga inda mutane ke kuskure: Audacity tana da hanyar canja sauri tare da murya, da hanyar canja sauri kaɗai. Na TikTok da aka gaggauta yawanci muryarsu ta yi siriri, don haka ta farko za ka bi. Na'urorin DJ kuwa suna iya kulle murya su ƙara sauri, a nan ta biyu ce za ta yi aiki. In ka ɗauki wadda ba ita ba, sai ka gyara ɗaya ka ɓata ɗaya.

In duk wannan bai yi ba, koma wurin mutane. Duba ƙarƙashin miks ɗin a SoundCloud, Mixcloud ko YouTube. Sau da yawa wani ya riga ya tambaya da minti da daƙiƙa, wani ya amsa. Shafin 1001Tracklists yana tara jerin kiɗan manyan miks, ko da yake ya fi ƙarfi a kan fitattun DJ na Turai da Amurka. In ka ga an rubuta ID a gurbin suna, ma'anarsa ba a san shi ba ko ba a fitar ba. Masu haɗa kiɗa suna ba DJ amintattu sabon aiki watanni kafin ya fito, wani ma ba ya fitowa har abada. Rubuta sunan miks da mintin, ka dawo bayan wata uku ko shida. Kuma ka tambayi DJ ɗin kai tsaye cikin ladabi, da mintin a rubuce. Ƙananan DJ suna amsawa fiye da yadda ake zato.

Yanzu ka sami suna. Nan aikin gaske yake farawa, kuma nan yawancin mutane suke tsayawa.

Sa sunan a Discogs, shafin intanet mai tara bayanan faifan kiɗa. An kafa shi a 2000, kuma da kiɗan na'ura ya fara kafin ya buɗe wa sauran nau'o'i, shi ya sa bayanansa a wannan fanni suke da zurfi. A shafin kowane faifai za ka ga kamfani, lambar faifan a jerin kamfanin, shekara, ƙasa, da sunayen duk wanda ya sa hannu. A shafin mutum kuma akwai sauran sunayen da yake aiki da su. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin ɓoye suna al'adar gidan ce tun asali. Juan Atkins na Ditroyit ya fitar da aiki da sunan Model 500 a kamfaninsa Metroplex da ya kafa a 1985. Kevin Saunderson shi ne Reese, shi ne E-Dancer, kuma shi ne ke bayan Inner City. 'Yan Underground Resistance, da Mike Banks da Jeff Mills suka kafa a ƙarshen shekarun 1980, har fuska suke rufewa. Wanda bai san wannan ba, in ya ji Reese da E-Dancer da Inner City, zai ɗauka mutum uku yake so, alhali hannu ɗaya ne.

Daga nan danna sunan kamfanin, ka saurari faifai biyar kafin wanda ka sani da biyar bayansa. Ƙaramin kamfani yawanci kunnen mutum ɗaya ne ko biyu, saboda haka in zaɓinsu ya dace da kai sau ɗaya, zai sake dacewa. A ganinmu wannan ya fi duk wata shawarar da Spotify zai ba ka, don shi abin da jama'a da yawa suka riga suka saurara yake turo maka, kai kuwa abin da bai kai ga jama'a ba kake nema.

Bandcamp, shafin da masu kiɗa ke sayar da aikinsu, yana da wata ƙofa da ba kowa ke lura da ita ba. A ƙarƙashin hoton kowane faifai akwai ƙananan hotunan waɗanda suka saya. Danna ɗaya, abubuwan da mutumin ya saya za su bayyana. Nemi faifan da mutum ashirin ko talatin kaɗai suka saya, domin waɗannan su ne masu tono na gaske. Faifan da dubbai suka saya ba ya gaya maka komai game da mai sayen. A can ƙasan shafi kuma akwai alamomin nau'i da na gari, kana iya bin Durban ko Kampala ko Lisbon kai tsaye. A SoundCloud kuwa, kada ka tsaya a kan abin da mai haɗa kiɗa ya ɗora. Buɗe abin da ya so da abin da ya sake yaɗawa, nan abokansa da yaransa suke.

Ga wuraren da za ka fara, kuma da gangan muka karkata Afirka. Kamfanin Nyege Nyege Tapes na Kampala su suka fitar da singelin Darussalam ga duniya. Kamfanin Príncipe na Lisbon suna fitar da aikin 'ya'yan baƙin haure daga Angola da sauran ƙasashen da Fotugal ta mallaka, irin su DJ Marfox. Don gqom, kiɗan rawa na Afirka ta Kudu, fara da DJ Lag da Rudeboyz na Durban. A Legas akwai kiɗan titi mai gudu da ake kira kurus da mara, inda za ka ji sunayen DJ YK da DJ Khalipha, kuma a Audiomack da TikTok ya fi yawo. Rediyon intanet irin su NTS da Rinse FM na Landan da Oroko na Akra suna ajiye shirye-shiryensu, da yawa da jerin sunaye. Zaɓi shiri biyu kawai ka lizimce su, ya fi ka yi ta tsalle tsakanin hamsin.

Sai kamfanin Sahel Sounds, wanda ya kamata kowane Bakano mai wannan sha'awa ya sani. Su suka sake fitar da aikin Mamman Sani na Yamai a 2013, kiɗan ogan na lantarki da ya naɗa tun 1978, wanda mutanen Nijar suka daɗe suna ji a rediyo da talabijin. Haka Hama, shi ma na Yamai, kiɗan fiyanonsa ya yi ta yawo a memori ba suna kafin a gano shi a fitar da shi da sunansa. Wannan shi ne ainihin halin fayilolin da ke wayarka.

Abin da ke faruwa shi ne, duk lokacin da fayil ya bi ta Xender ko Bluetooth ko WhatsApp, ko wani ya sake masa suna don ya tsara foldarsa, wani abu yana iya faɗuwa. Wani ma da gangan yake goge sunan ya sa lambar shagonsa. Duk da haka ka buɗe bayanan fayil ɗin a kwamfuta, domin sau da yawa sunan waje ya canja amma na ciki yana nan. Saurari daƙiƙa goma na farko da na ƙarshe da abin kunne: masu haɗa kiɗa a Najeriya suna sa tambarin murya, sunansu ko na sitidiyo, kuma wannan ba ya goguwa. Sannan ka tambayi mai shagon daga wa ya karɓa. 'Yan dawunlodin sun san hanyar kayansu fiye da yadda ake ba su daraja, kuma in kiɗan na gida ne, tambaya biyu ko uku za ta kai ka wani sitidiyo a Zoo Road ko wani ɗaki a cikin unguwa. Abin takaici ne yadda ake sanin mawaƙi a Kano a manta da wanda ya zauna gaban fiyano da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ya gina kiɗan tun daga ganga. Da yawansu suna da kiɗan da babu murya a ajiye wanda ba wanda ya taɓa tambaya. Je ka tambaya, ka biya, ka kira sunansa a lasifika idan ka sa.

Tunda a biki kake sawa, ingancin fayil ba abin wasa ba ne. MP3 mai 320 kbps, wato ma'aunin ingancin fayil, yana cin kusan megabait 2.4 a minti, wato kiɗan minti bakwai ya kai 17. Mai 128 bai cika megabait ɗaya a minti ba, WAV kuwa, fayil ɗin da ba a matse ba, kusan goma. In aka ba ka kiɗan minti bakwai mai megabait shida, ka san matsayinsa. Amma girma kaɗai ba hujja ba ne, domin wanda aka zuƙo daga YouTube aka mayar 320 ya yi nauyi ne kawai, abin da ya zube ba ya dawowa. Buɗe shi a Spek, ƙaramar manhaja ta kyauta mai zana sauti. In zanen ya yanke ƙat a wajen 16 kHz, asalinsa 128 ne. Na 320 na gaske yana kai wa wajen 20. A waya ba za ka ji bambanci ba. A manyan lasifikan biki za ka ji saman kiɗan yana shuu kamar ruwa, gangar kuma ba ta da nauyi.

Don data, saurari miks a sauti maimakon bidiyo. Awa ɗaya a 128 bai kai megabait 60 ba. Wajen saye kuma, katin naira ba koyaushe yake wucewa a shafukan waje ba, sai ka tambayi bankinka ko ka nemi katin dala. Faifai da yawa a Bandcamp an bar wa mai saye ya sa farashin da ya ga dama, har da sifili, kuma akwai ranakun Juma'a da shafin yake yafe kasonsa kuɗin ya tafi ga mai aikin.

Abu ɗaya game da filin biki: da yawa daga kiɗanmu mai tushen kalangu uku-uku yake tafiya, hawus da tekno kuwa huɗu-huɗu. Ko da bugunsu a minti ya zo ɗaya, in ka ɗora su a kan juna za su yi ta harɗewa. Shiga ta wurin da ganga ta ɗauke, ko ka yanke kai tsaye a farkon jimla.

Duk fayil ɗin da ka gano, ka sake masa suna a ranar, a tsari ɗaya: mai haɗawa, sunan kiɗa, kamfani, shekara, bugu a minti. Cika bayanan cikin fayil ɗin ma da manhajar Mp3tag, don ya bi shi in ka tura wa wani. Waɗanda ba ka gano ba ka ware musu folda, kowanne da inda ka ji shi da mintinsa, ka riƙa sake gwada su duk ƙarshen wata, domin rumbun Shazam kullum ƙaruwa yake yi.