Amsa ga mai tambaya kan gasasshen French toast na kabewa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin gasa French toast (burodin da ake jiƙawa a ƙwai da madara) na kabewa a obin, sama ya yi kyau amma tsakiya ya caɓe kamar ɗanye, kuma kina tambayar inda za ki samu pumpkin spice. Ina zaune a Amurka, kuma da zarar kaka ta shigo, daga Satumba har Nuwamba, wannan ne karin kumallon da nake yi wa yara ranar Asabar. Bari in gaya miki abin da na sani.

Matsalarki ruwa ne ya yi yawa, kuma ta hanya biyu yake shiga. Ta farko burodi. Sabon burodi mai laushi ba ya shan ƙwai da madara, narkewa yake yi a ciki. Ki samu wanda ya kwana biyu, ki yanka shi gutsi-gutsi masu kauri. In sabo kike da shi, ki baza yankan a faranti ki saka a obin minti 10 ya bushe tukuna. Nan an fi yi da wani burodi mai suna brioche saboda yana da ƙwai da bota, amma burodinmu mai nauyi yana yi sosai, sai dai ki rage sukari tunda da zaƙinsa.

Ta biyu kabewa. Masu rubuta girkin nan kabewar gwangwani suke nufi, wadda take da kauri kamar tuwo mai laushi. Idan kika dafa ɗanyar kabewa a ruwa kika markaɗa, ruwa zai yi mata yawa. Ki turara ta ko ki gasa, ki dame, ki zuba a tukunya bisa wuta kaɗan kina juyawa har ta yi kauri. A ganina wannan matakin ne ya fi kowane muhimmanci, kar ki tsallake shi don Allah.

Pumpkin spice kuwa kar ki wahalar da kanki. Babu kabewa a cikinsa, haɗin kirfa ne da citta da gyaɗar ƙamshi da kanumfari, wasu su ƙara wani kayan ƙamshi mai suna allspice. Duk mai kayan ƙamshi a kasuwa yana da huɗun farko. Kirfa ƙaramin cokali 2, citta rabin cokali, gyaɗar ƙamshi rabi, kanumfari ɗan kaɗan, domin shi in ya yi yawa sai ya danne sauran.

Ga burodi babba guda ɗaya: ƙwai 6, madara kofi 2, kabewa kofi 1, sukari rabin kofi, gishiri kaɗan. Ki kaɗa su da kayan ƙamshin, ki shafa bota a kwanon gashi, ki jera burodin ki zuba haɗin, ki danna da hannu. Ki rufe ya kwana a firji. In babu wuta, minti 30 ya isa, amma kar ki bar ƙwai da madara su kwana a waje.

Da safe ki gasa a digiri 180 na Celsius, minti 25 a rufe, sannan ki buɗe ya ƙara minti 20. Ki soka wuƙa a tsakiya, in ta fito babu ruwan ƙwai ya yi. Ki bar shi ya huce minti 10 kafin ki yanka, a lokacin yake kama jikinsa.

Amurkawa suna barbaɗa jan sukari da pecan (ɗan wata bishiya mai kama da gyaɗa) a sama, su zuba ruwan zaƙin bishiyar maple da ake kawowa daga Kanada. Ni idan na samu mazarƙwaila ita nake gogawa in haɗa da dakakkiyar soyayyar gyaɗa da bota, kuma wallahi ta fi min daɗi. Zuma ma tana maye gurbin maple ɗin. In kina da tuffa, ki yanka ƙanana ki ɗan soya a bota kafin ki zuba, don ita ma ɗanya tana sakin ruwa.