Amsa ga ƙanwata: "envisage" hange ne

Ƙanwata, na ga saƙonki bayan sallar isha, na dawo daga aiki ke nan. Kin ce kina rubuta bayanin shirinki na bayan karatu don neman tallafin Chevening na ƙaro karatu a Birtaniya, kin sa "I envisage to become Commissioner for Health", kina tambaya ko daidai ne, kuma ko ki canza shi zuwa envision.

Fara da cire wannan "to" ɗin. Envisage ba ta tafiya da shi. Abin da ke bin ta shi ne suna, ko aikatau mai "ing", ko jimla mai "that". Sai ki ce "I envisage working", ko "I envisage that I will". Wannan kuskuren ya yi mana yawa, ni ma na yi shi a takardata ta farko, malamar da ke duba aikina ta zagaye shi da jan biro.

Envision kuwa kusan ma'anarsu ɗaya. Mutanen Amurka sun fi amfani da ita, nan Ingila envisage aka fi ji. Tunda gwamnatin Birtaniya ce ke ba da Chevening, bar taki yadda take.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da kika ɗora wa kalmar. Daga Faransanci ta fito, tushenta visage, wato fuska. Kamar ki fuskanci abu ne ki dube shi. A Hausa muna da buri, muna da fata, muna da mafarki, sannan muna da hange. Envisage hange ce. Manomi da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce a kwashe shanya, ya hango ruwa ne, yana da dalilinsa. Idan Bature ya ce "we envisage finishing in March", ya riga ya lissafa ma'aikata da kuɗi da kwanaki.

To zama kwamishiniya buri ne, Allah ya kai ki, amma naɗin siyasa ne, ba a hannunki yake ba. Abin da ke hannunki shi za ki rubuta. Kin shekara huɗu kina unguwarzoma a asibitin ƙauye, kin ga matan da ake kawowa a bayan a-kori-kura jini ya riga ya ƙare musu. Sharaɗin Chevening ne ki koma gida aƙalla shekara 2 bayan digirin, don haka masu karanta takardarki wannan shekarun suke son gani. Wane aiki za ki koma? Unguwarzoma nawa za ki horar, a wace ƙaramar hukuma, da haɗin gwiwar wa? Rubuta musu: "Within two years of returning, I envisage training midwives in my local government area to manage bleeding after childbirth."

Kuma sau ɗaya ta isa a takardar, kada ki yi ta maimaita ta. Ki gyara ki turo min kafin Juma'a in sake dubawa. Ki gaida su Inna.