Na ga Narcan a jakar ɗana

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a wata jami'a a jihar Kalifoniya ta Amurka. Da ya zo hutu na ga wani ɗan maganin fesawa a hanci cikin jakarsa, an rubuta Narcan. Ya ce asibitin makarantarsu ne ke rabawa kyauta, wai na farfaɗo da wanda ƙwaya ta bugar ne. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Anya bai fara shaye-shaye ba? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, gaskiya ya faɗa miki. Tun Janairun 2023 dokar Kalifoniya ta ɗora wa asibitocin yawancin makarantun gaba da sakandare na gwamnati raba wannan magani, wanda likitoci ke kira naloson. Jihar Niyok ma ta wajabta ajiye shi a ɗakunan kwanan ɗaliban jami'o'inta na gwamnati. A Maris na 2023 kuma Amurka ta amince a sayar da shi ba tare da takardar likita ba.

Abin da ya kawo haka shi ne fentanil, wani maganin kashe zafi mai bugarwa dangin hodar heroin, wanda naloson ke karya ƙarfinsa. Ya ninka hodar heroin ƙarfi kusan sau 50, miligiram 2 kawai na iya kisa. Masu haɗa jabun ƙwayoyi suna cusa shi cikin abin da ya yi kama da Xanax (maganin fargaba) ko Adderall (maganin ƙara maida hankali). Sai yaro ya karɓi ƙwaya ɗaya wajen aboki don ya kwana karatun jarrabawa, numfashinsa ya tsaya. A 2022 mutum sama da 100,000 ƙwaya ta kashe a Amurka.

Ki lura da wani abu, Hajiya: wanda ya sume ba ya iya fesa wa kansa magani. Don wani yake ɗauke da shi. Ba ya bugarwa, kuma ba ya cutar da wanda bai sha komai ba. Ni da ɗana ne, da kaina zan mayar masa da shi jaka.

Ki zaunar da shi cikin lallashi, ki tambaye shi ko an koya masa aiki da shi: a kira 911 (lambar agajin gaggawa a Amurka), a fesa a ƙofar hanci ɗaya, in bai motsa ba bayan minti 2 zuwa 3 a fesa sabo a ɗayar. Kada a bar mutumin shi kaɗai, domin ƙarfin maganin yakan ƙare tsakanin minti 30 da 90, sumar ta dawo. Sannan ki roƙe shi alkawari ɗaya: ko ciwon kai yake yi, kada ya haɗiyi ƙwayar da ba daga kantin magani ta fito ba.